Wat 3000 a Kan Boxer

Mutumin da ya yanko sabon babur a ƙasar nan, abu na farko da yake cirewa madubi ne, abu na farko da yake ɗaurawa kuwa sifika. Madubi, in ka tambaye shi, yana hana kurɗawa a cikin cunkoso, kuma yana tsufar da saurayi. Sifika ba ta neman hujja. Ledar sit ba a ɓare ba, lamba ba a yi ba, an riga an nufi Titin Faransa a Sabon Garin Kano, ko duk inda masu kayan sauti suka kafa rumfa a garinku.

A bakin shagon kowa Alhaji ne.

"Oga, wacce ta fi duka?"

"Alhaji, ga wannan. Wat 3000 ce. Ɗaga ka ji nauyi."

Alhaji ya ɗaga, ya jijjiga, ya manna mukullinsa a jikin mayen ƙarfen, ya gyaɗa kai. Sai ya rage murya: "Akwai wani ɗan majalisarmu da ya sa mai 2000." Ciniki ya faɗa tun daga nan. Ba a tambayi batir ba, ba a tambayi kwayil ba, an dai tabbatar ta wane ta shiga uku.

Lambar nan ta jikin kwali, wadda ake liƙa wa PMPO a gefe da ƙananan baƙaƙe, babu wata ƙa'ida da ta ɗaure ta, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga kwalin zai ɗauka. Awon gaskiya shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta riƙe tana aiki ba tare da ta shaƙe ba, kuma shi ake ɓoyewa can ƙasan takarda, in ma an rubuta. Wanda ke son ya kama ƙaryar, ya juya amfilifayar da ke tura sifikar ya duba fis. In an rubuta amfiya 5, ya ninka da bolt 12 na batirin babur, ya samu 60. Iyakar wutar da za ta iya shiga ke nan, kuma ba a taɓa ganin abin da ya fito ya fi abin da ya shiga ba, sai a wurin ƙirga ƙuri'a. Wat 3000 na gaske a kan bolt 12 zai ja amfiya 250. Ɗan batirin ƙaramin babur, da a ce zai iya, minti guda da 'yan daƙiƙu zai yi ya ce ga garinku nan. Ko ƙaramin janareton Tiger da ake yi wa maƙwabta gadara da shi bai kai wat 1000 ba.

Laifin bidiyo ne. Samari sun ga Honda Gold Wing a waya, Bature ya kishingiɗa a kai yana shan kiɗa a babban titi, suka ce mu ma haka. Ba su lura injinta cc 1833 ne ba, kuma da sautinta ta baro kamfani. Boxer ɗinmu cc 100 ce. Kwayil ɗinta an naɗa shi ne don fitila da sigina da hon da ɗan cajin batir, ba da gidan biki aka yi lissafinsa ba. Kwana kaɗan sai hon ya kama mura, sigina ta daina ƙiftawa. Mai roba-roba kuma da ya saba danna sitata ya koma dukan kik da sassafe, gumi har cikin takalmi.

Sai aikin mai rewaya. Wani gwani ne, a ba shi haƙƙinsa. Wani kuwa haƙori ne abin fere wayarsa, salatif ne maganin kowace cuta. Ya ja waya kai tsaye daga batir, babu fis, bai bi ta makunni ba, saboda haka ko an zare mukulli tana nan tana tsotso har asuba. Alhaji ya ce a ƙara sifika, ya haɗa masu om 4 guda biyu kai da kai a layi ɗaya, suka koma om 2. Amfilifayar da ba a yi ta don haka ba ta ja wuta ninki biyu, ta ɗau zafi, ƙaurin roba ya tashi daga ƙarƙashin sit. Ka ce masa haɗin ne bai yi ba, ya girgiza kai. "Malam, ba ka san mutane ba. Baki ne. Tun ran da na sa ta suke kallona."

Duman da ake ta wannan wahala dominsa ma babur ba ya riƙe shi. Sauti mai kauri yana son akwati da bango, a fili kuwa iska ce ke kwashe shi, salansa ta cinye saura. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau 10. Amma duk wannan bai dami Alhaji ba, don in ka duba inda bakin sifikar ya kalla, ba shi ta kalla ba. Titi ta kalla. Mu aka saya wa. Shi kansa, in ya murɗa totur, daga iska sai ƙarar inji yake ji.

Abin da zai yi wa ƙaramin babur daidai ba ɓoyayye ba ne: 'yar amfilifaya ajin D, wadda ba ta ɓarnar wuta ba ta zafi, mai wat 20 na RMS kowane ɓangare, sifika biyu masu inci 4, om 4, irin waɗanda ruwan Agusta da ƙurar hunturu ba sa kashewa, fis kusa da batir, waya ta bi ta makunni. Matsalarta ɗaya, ba ta shiga majalisa. Wa zai zauna a kan benci ya buɗe baki ya ce tasa 20 ce?

Tun da aka hana acaba a birnin Kano a Janairun 2013, 'yan haya da dama suka koma Adaidaita Sahu, suka tafi da ciwon can, inda fasinja ke zama a kan akwatin sifika yana jin kiɗa ta ƙashin baya. Jadawalin dai ɗaya ne: wa'azi da safe, Hamisu Breaker da yamma, Rarara in zaɓe ya matso, karatu zalla in azumi ya kama, duk a kan ƙara guda. Na taɓa gaya wa wani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako ne iyakar abin da kunnen babba zai jure lafiya. Ya matso da kai ya ce in maimaita.

Bluetooth ne kaɗai ke rama mana. Waya tana haɗe, ana tsaye a danja, kira ya shigo, kiɗa ya yanke. Alhaji ya laluba aljihu zai kashe, ya danna amsawa. Murya ta fito tangaram, irin tsabtar da sifikar ba ta taɓa yi wa waƙa ba, duk mahaɗar tana saurare:

"Maigida, mai gidan haya ya sake dawowa fa. Na ce masa ka yi tafiya Zariya kamar yadda ka ce."