Yadda na zama Janar a Konni

A ƙasarmu kusan komai sunansa biyu ne, wanda ke kwance a takarda da wanda ke yawo a bakin jama'a. Garinmu kansa a takardun gwamnati Birni N'Konni ne, amma je ka tasha ka ji ko akwai ɗan kamashon da zai ɓata yawunsa haka. Kamfanin simintin Malbaza ya sha sauya suna a takarda, mutanen wurin kuwa ko a jikinsu, har gobe "izin" suke ce masa. Ni dai mutumin takarda ne. Na yi shekaru ina aikin sakatare, tun zamanin da ake buga wasiƙa da tafireta ana sa baƙar takarda a tsakani, kuma a wurina yanke sunan makaranta rashin ladabi ne ga wadda ta koya maka riƙe biro.

Da wannan aƙidar na je zaman tsofaffin ɗaliban kwalejinmu, inda aka yanke shawarar yin taron zumunci, a buga riguna da katin gayyata. Ana zuba shayi na biyu ma'aji ya ce a rubuta CEG da sunan gari, shi ke nan. Na ajiye kofina. Na ce sunan makarantar nan Collège d'Enseignement Général, kuma bayansa akwai gari, akwai gunduma, akwai jihar Tawa, ba za a bar ko ɗaya ba.

Na zo da hujjoji kuwa. Na ce tun 1992 jami'ar Yamai take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin da ya ƙare rayuwarsa a kan binciken makamashin rana. Ta Tawa an sa mata sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar ɗin nan tamu. Maƙwabtanmu na Sakkwato a 1988 suka mayar da tasu Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Duk waɗannan mutane, na ce, an sa sunayensu ne don a riƙa faɗa, ba don a dunƙule su cikin haruffa uku ba.

Alhajinmu mai fataucin albasar Galmi, wanda tun daga aji na biyu ya yi sallama da boko kuma yau shi ke biya mana kuɗin shayi, ya gyara zama. "Malam Sakatare," ya ce, "ɗana na Zariya karatu. Jami'ar Sardauna ce, tun 1962 take nan. Ban taɓa jin ya kira ta da wani abu ba sai Ebiyu, kuma ban ga an rage mishi karatu ba." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa, a rubuta da Hausa mana. Muka gwada fassarawa, kowa ya kawo tasa, kuma kowace ta fi ta Faransancin tsawo. Da magariba ta kawo jiki sai suka ce sun yarda da nawa, amma ni zan je in bugo. A lokacin na ɗauka nasara na yi.

Mai zanen da na fara samu a Konni da harafi yake ciniki. Ya ɗora takardata a gwiwa, ya bi ta da yatsa yana ƙirga a hankali, ya ce kalmomin farko kaɗai harafi 27 ne. Sannan ya nuna ƴan alamomin da ke kan wasulan. "Waɗanga masu hula hwa? Hula ma kuɗi gare ta." Hula uku, da waƙafin da ke rataye a sama, wanda ya ce rabin kuɗi zai yi mini saboda mutunci. Ya ninka da riga 40, ya faɗi wani adadi da ya sa na ce zan je in yi sallah in dawo.

Sai aka ba ni shawarar in tsallaka Illela. Ba Illela tamu ta Sarkin Adar ba, ta Najeriya da ke nan bakin iyaka, inda sefa ke da daraja idan ta bi ta hannun ƴan canji. Can na sami wani yaro a shago, kwamfuta a gabansa, janareto na kuka a waje. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ƙura mata ido, ya juya ta, ya sake juyo ta.

"Baba, wannan wane yare ne?"

Na ce Faransanci. Ya fara bugawa, kowace kalma sai jan layi ya bayyana a ƙarƙashinta. Ya ce kwamfuta ta ce duk kuskure ne. Na ce kwamfuta ba ta yi jarrabawar birbe ba. Hulunan wasulan kuwa ya neme su sama da ƙasa a kan maɓallai bai gani ba, ya ce zai ɗora su da hannu. Kalma ɗaya ce kawai ta faranta masa rai. "Yauwa, wannan na gane ta. Baba, wane Janar ne? Akwai hotonsa?" Na yi masa bayani cewa ilimi ne na gama-gari, lissafi da tarihi da sauransu, shekara huɗu, babu soja a ciki. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta sarai. Na biya, na tafi.

Ranar karɓa na tarar an riga an ƙulle kayan a buhu, ni kuma ina sauri, na ɗora a bayan kabu-kabu muka kamo hanya. A wani shinge masu kaki suka ce a kwance. Wanda ya zaro rigar farko ya ɗaga ta sama, ya yi shiru, ya juyo da ita gare ni. Ashe sunan bai shiga ƙirjin rigar ba, sai yaron ya raba shi biyu. A gaba, da ƙananan haruffan da sai an matso, an rubuta Collège d'Enseignement da su gunduma da jiha. A baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, GENERAL. Kuma don ya kyautata mini, ya ƙara taurari huɗu a ƙasa, kyauta.

Ga wanda bai san halin da yankinmu ke ciki ba, wannan ba lokacin da farar hula zai ratso iyaka da janar 40 a buhu ba ne. Aka ce in zauna a benci. Mai kabu-kabu ya ce shi bai san ni ba, hanya ce ta haɗa mu. Babbansu ya tambaye ni kayan na wace ƙungiya ne, na miƙe na karanto masa cikakken suna tun daga Collège har zuwa Tawa, da lafazin da ko Mushe, malaminmu na Faransanci, sai ya yaba. Fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Ya ce in sake, na sake. Daga azahar har inuwa ta juya muna wannan, sai wani ƙaramin cikinsu da ya dawo daga sayen ruwa ya leƙa gaban rigar ya ce, "Shef, ai Se-e-je ce. Ni ma can na yi." Nan take aka ɗaure mini buhuna, har da tambayar ko za a samu guda ɗaya mai lamba babba.

Ranar taro kowa ya sa tasa, don babu kuɗin sake wata. Babban baƙonmu, tsohon malaminmu na Faransanci da ke zaune a Illela tamu, bai iso ba sai da aka ci shinkafa. Ya sauka a tasha, ya karanta wa ɗan kabu-kabu abin da ke jikin katin, daidai yadda ya koya mana. Yaron bai so ya nuna bai sani ba, ya zaga da tsohon makarantu masu zaman kansu, ya kai shi ofishin masu duba makarantu, ya kusa fita da shi hanyar Dogon Dutse. Sai da Mushe ya fusata ya daka masa tsawa da haruffa ukun nan, yaron ya ce, "Haba Baba, da ka ce haka tun ɗazu!" Kuɗin zagayen ni aka miƙo wa. Mushe ya kama hannuna ya ce shi dai yana bayana, sunan daidai yake, sai dai hular da ke kan Collège ta karkata ta inda bai kamata ba.

Ragowar rigunan Alhaji ya raba wa masu yi masa lodin albasa, shi ya sa idan ka bi ta Galmi za ka ga manyan hafsoshi da buhu a ka. Ni kuma sunana na yanka da na mahaifina da na kakana, waɗanda nake jerawa a ƙasan kowace wasiƙa, sun bi ruwa. Daga fada har gidan surukaina Janar ake ce mini, mai shayi ma sai ya ƙame kafin ya miƙo kofi.

A zaman da ya wuce an ce ƙungiya na bukatar hatimi, aka sake ɗora mini. Na kai wa mai sassaƙawa rubutun, cikakke, na ƙara da shekarar kafa ƙungiya. Ya auna ya ce zai yiwu, amma hatimin zai kai faɗin faifai, kuma sai mutum biyu sun danna. Na ba shi kafin alƙalami.