Yadda Ake Komawa Aji Da Furfura

Yaron da ya yi bautar ƙasa a ofishinku shekaranjiya ya dawo da digiri na biyu, har Darakta ya fara neman shawararsa. Kada ka tsaya cizon yatsa, Alhaji. Gemu ba ya hana ilimi, sai dai a riƙa kallonsa a aji. Ga yadda za ka yi.

Da farko, zaɓi makaranta daidai da man mashin ɗinka, domin tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 fetur ne ke tsara karatu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana bakin hanyar Zariya. Mutumin Tsafe zai iske ta kafin ya shiga gari, na garin Bungudu kuwa sai ya ratsa Gusau da 'yan kabu-kabunta. In zuciyarka ta fi karkata ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko Ahmadu Bello ta Zariya, to ka koyi sammako, ka kuma koyi barin lacca da la'asar, don hanyoyin nan ba a yi musu dare.

Sai takardu. Zazzage tsohuwar adaka ka fito da shaidar bautar ƙasa, ka kakkaɓe kashin kyankyasai. Mai HND ya yi haƙuri, sai ya bi ta babbar difloma tukuna. Kuɗin makaranta ta Remita ake biya, don haka ka riƙa yi wa yaron shagon intanet fara'a: daga yau shi ne ubangidanka.

A gida, tara iyali ka yi sanarwa. Uwargida za ta ce Allah ya ba da sa'a, sannan ta tambayi ko kuɗin cefane ne za su yi digirin. Karatun ma'aikata yakan faɗo ƙarshen mako, daidai lokacin ɗaurin aure da zaman makoki. Ka shirya jin an ce boko ya raba ka da zumunci. Naɗa ƙane ya riƙa cin shinkafar biki a madadinka, ba zai ƙi ba.

A aji ne za ka gane kurenka. Ajiye matakin albashinka a bakin ƙofa, kusa da mashin. Mai yiwuwa malamin da zai shigo shi ne yaron da ka taɓa zanewa a firamare saboda makara. Zai rusuna ya ce, "Baba, ina wuni?" sannan ya ba ka huɗu bisa ashirin a gwaji. Ka ce, "Na gode, Dakta." Da dare kuma 'yarka ta aji uku za ta karɓe kwamfutar tana cewa, "Baba, ba wanga za ka danna ba." Ka danna wanda ta ce.

Babban gwaji shi ne kundin bincike. Mai duba aikinka zai dawo maka da babi na ɗaya jawur da jan biro, ya ce ka sake. Kada ka tuna masa ka girmi mahaifinsa. In aiki ya tsaya, ka tanadi uzuri mai tarihi: an katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, malaman jami'a sun yi yajin aikin wata takwas a 2022. Sai dai ka lura, ba a karɓar uzurin da ya girmi rajistarka.

Ranar yaye ɗalibai, ɗora hular nan mai kusurwa huɗu a kan zannarka, ka ɗauki hoto babba. Dangi za su fara kiran ka Dakta tun ba ka kai ba. Kada ka gyara musu, domin ka biya kuɗinsa.