Kifin Gulbin Gabi Bai Waye Ba

Ƙanena da ke karatu a Yamai ne ya turo mini bidiyon a waya: wani Bature tsaye cikin rafi yana kama kifi ba tana, ba gara, ba tsaki. Gashin tsuntsu kawai ya ɗaure a ƙugiya da zare, har abin ya ɗauki siffar wani ɗan ƙwaron ruwa mai fukafukai a tsaye da siririyar jela biyu ko uku. Shi wannan ƙwaro yakan yi watanni a ƙarƙashin ruwa, in ya fito kuma ko bakin cin abinci ba shi da shi, kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Kifin da ake yaudara da shi, tirawut, a rafuka masu sanyi na kan tsaunuka yake zama. An kai irinsa Kenya a 1905, yau ga mutanen Kenya can suna ɗaure ƙwarin gashi suna sayar wa Amurka da Turai. Da na ji batun sayarwa sai na gyara zama.

Tsauni dai ba mu da shi a Gabi, wannan ko makaho ya sani. Amma muna da gulbi, wanda in damina ta kankama yake kwaso ruwa daga wajen Najeriya ya zuba a tafkin Madarunfa. Kifi kuwa ai kifi ne.

Su Turawa suna aiki da ƙugiya mai lamba 16 ko 18, kuma a lissafinsu yadda lamba ke hawa haka ƙugiya ke ƙanƙancewa. Mai kayan su a kasuwar Maradi ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo mini wadda za ta iya rataye cinyar akuya. Zare na samo wurin tela, filaya wurin mai gyaran babur, na ɗaure ta da roba a ƙafar kujera. Saura gashi. A bidiyon, gashin wuyan zakara aka fi yabo, ga kuma jan zakaran uwargida yana ta yanga a tsakar gida. Ban ɗebi da yawa ba, amma ihun da ya yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Malam, lafiya? Asiri za ka haɗa?"

Na ce wa uwargida ilimi ne. Ta ce Allah ya sa mu ga amfaninsa a tukunya.

Abin da na ɗaure, gaskiya, ya fi na Baturen cika ido. Ɗiyata ta ce ya yi kama da mushen ɗan tsako, amma yaro me ya sani.

Na sauka gulbi da sandar gora. Ruwan ja wur, mai kauri kamar kunun kanwa. Dabarar jifan ita ce ka kaɗa igiya gaba da baya a sama har ta miƙe, sannan ka sauke ƙwaron a hankali bisa ruwa. Tasu igiyar mai nauyi ce, ita ke ɗaukar ƙwaron. Tawa igiyar shanya ce da na aro ba da sanin mai ita ba. Kaɗawar farko na kamo reshen ƙaya. Bayan ta na kamo hulata, ta yi sama, ta faɗa ruwa, ta kama hanyar Madarunfa, inda nake fatan ta samu albarkar waliyyai 99 da ke kwance a gefen tafkin.

Wani dattijon masunci da ke gyaran mamarinsa ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, da wa kake faɗa?"

"Baba, fatsa nake yi irin ta zamani."

Ya karɓi ƙwaron, ya sunsuna, ya maido mini. Ya ce tarwada ba da ido take kiwo ba, da gashin bakinta take lalube a ƙasan laka, ƙamshi da ɗanɗano take bi. A ruwan nan ko ɗan'uwanta ba ta gani, balle ado. Yana cikin magana wani yaro da guntun kara da tana ya fizgo tarwada mai tsawon kamu ɗaya, a daidai inda ƙwarona ya wuni yana iyo. Ni abin da na fahimta shi ne kifinmu bai yi boko ba.

Da na dawo gida na jingina sandar a bakin rumbu, ƙwaron na lilo kusa da ƙasa, na shiga alwala. Kafin in wanke ƙafa sai na ji fuka-fuki da kururuwa. Jan zakaran ne ya ga gashinsa yana rawa, ya kai masa sara, ya haɗiye har ƙugiya. Da gudu aka kawo wuƙa kada ya tafi a banza.

Daren nan mun ci tuwo da miyar zakara, na kuma tuna wa uwargida cewa ita ta roƙi a ga amfanin ilimin a tukunya.

"An gani, Malam," in ji ta, tana tsame wa kanta cinya. "Jaka huɗu ne kuɗinsa. Igiyar shanya kuma lissafinta daban."