Zuwa Ga Bawana, Mai Motar Tseren Kuki

Taubashi, ɗan gwaggona, bawan gidanmu, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, don yanzu duk Kuki mun san lokacin fitarka da lokacin komowarka. Tun kana kan hanyar Kurfi Gwaggo ke cewa a ɗora ruwan tuwo, ga ɗanta nan tafe.

An ce ka kai Golf ɗinka gareji a Dutsin-Ma, ka sa an kwance bambar baya, an datse salansa, an walda mata wani ƙaton bututu mai sheƙi. Wai yanzu ta zama motar tsere. Na je na gani da idona, na zagaya ta baya, sai na iske figaggiyar kaza: ga noti a fili, ga tsatsa, ga waya tana lilo, ga bututun nan ya leƙo yana jiran a yaba mashi.

Bari in tuna maka asalin abar hawanka, tunda bawa ba ya riƙe tarihi. Golf 3 ce. Kamfanin Volkswagen ya fito da ita a 1991, a 1997 ya kawo Golf 4 ta gaje ta. Mai injin 1.6 irin taka, ƙarfin doki 75 gare ta ranar da ta baro Jamus tana amarya. Daga cikin dawakan nan wasu sun mutu tun a Kwatano, wasu sun tsufa a hannun mutum huɗun da suka riga ka, sauran kuma kai ka ƙarasa su da buhunan masara. GTI ta gaskiya da kake kwaikwayo tana da doki 115. Kai kuwa haruffan uku kawai ka sayo a Ƙofar Ruwa ka liƙa da gam, har T ɗin ta karkace.

Kana ta gaya wa samari a bakin masu shayi cewa salansa ce ke shaƙe injin, da ka cire ta mota ta samu numfashi. Wa ya faɗa maka? Tukunyar salansa ɗakuna ne a ciki da bututai masu huji-huji. Hayaƙi na fitowa daga injin da bugu, sai a bi da shi ɗaki zuwa ɗaki, amon ya riƙa karo da kansa yana mutuwa kafin ya kai waje. Aikinta ke nan. Abin da take ragewa na ƙarfin ƙaramin injin irin naka bai taka kara ya karya ba. Bututun da ka sa kuma ya fi ƙarfin injin: idan hanya ta cika faɗi hayaƙi kan rage gudu, shi ya sa ka ga motar na nauyin tashi daga tsaye, sai ka danne totur tana kuka tukuna. Jiya ɗan acaba a kan Boxer, da goyon mace da buhun gawayi, ya wuce ka a hawa. Shi dai bai ji gaisuwar da ka yi mashi ba, saboda ƙararka.

Sai zancen da ya fi ba ni dariya. Na tambayi yaron garejin ina tsohuwar salansar, ya ce tukunyar tana nan, amma ta tsakiyar, wadda makanikai ke kira indomi, maigida ya ce ba ta da amfani, ya taimaka maka ya jefar. Har godiya ka yi mashi! Bawan Allah, ita ce kaɗai abin daraja a duk motar. Ƙwaryar cikinta mai ƙananan ramuka an shafe ta da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ke ƙone dafin hayaƙi kafin ya fita. Amurka ta fara sa ta a motoci tun 1975, Turai ta wajabta ta a sababbin motocin fetur a 1993. A farkon 2021 oza ɗaya ta rodiyam ta haura dala 25,000, ta ninka zinariya fiye da sau goma. Saboda ita ɓarayi ke kwanciya ƙarƙashin motocin mutane da zarto, daga Landan har Legas. Su sai sun yi rarrafe cikin dare. Kai da rana tsaka ka kai taka, ka biya kuɗin aiki, ka ƙara da na goro.

Wannan tas-tas ɗin da kake alfahari da shi in ka saki totur, ka san ko mene ne? Fetur ne da bai ƙone a cikin injin ba, ya gangaro cikin bututu mai zafi ya fashe a can. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin mai, masu hankali ke kashe mota a gangara don su tsira da rabin lita. Kai kana saye da tsada kana harba shi ta baya don 'yan matan jami'ar Dutsin-Ma su waiwayo. Suna waiwayowa kam, da yatsu a kunne.

Ciwon kan da Gwaggo ta ce kana fama da shi, har ta nemo maka rubutu, ba sammu ba ne. Mota mai yankakken baya irin Golf, in tana gudu iska kan murɗa a bayanta ta komo. Bututunka bai fita sosai ba, robar but ta mutu, hayaƙin sai ya dawo ciki. A cikinsa akwai iskar nan marar launi marar wari, irin wadda ke kashe iyali guda in sun kwana da janareta a ɗaki. Da ma kanka ba wani cika ya yi ba, kada ka bari a rage.

Bamba kuwa, wai ka cire don a rage nauyi. Nauyin da bai kai rabin buhun gero ba, a motar da ke ɗaukar mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, da akuya a but. Robar waje ado ce, na yarda, amma ƙarfen da ke bayanta shi ke karɓar duka in wani ya sungume ka ta baya. Yanzu sai dai fitilu da ƙofar but su karɓa, fanabita ya ci kasuwa.

Akwai inda wasa ke tsayawa, taubashi, ka kawo kunnenka. Kuki ba Abuja ba ce. Ƙasar Yandaka da ta Maradi, wato Dutsin-Ma da Kurfi, sun san ƙarar bindiga, ba a fim suka gan ta ba. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Masari, Dutsin-Ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layin waya saboda 'yan bindiga. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma, kuma ba don ado suke kwana a bakin gari ba. A irin wannan wuri, in ka saki tas-tas bayan isha'i, mai jego ce ke sunkutar jariri ta rasa ƙofa, tsoho ne ke tsallake danga da ƙafar da ba ta da lafiya, mai shago ya bar cinikinsa a buɗe. Masu gadi kuma hannunsu na kan kunama, ba za su tsaya tambayar ko Golf ce ko baƙi ba. Mu da muke da haƙƙin mallakarka ba mu shirya asarar bawa ba.

Turawan da kake kallo a waya suna wannan aikin, a filin tsere suke yi, an kewaye shi, da motar asibiti a gefe. Ko su ɗin, manyan motocin gasar Formula 1 sun koma ƙananan injuna masu lita 1.6 a 2014, ƙararsu ta ragu har 'yan kallo suka yi ta ƙorafi, kuma ba su fasa wuce kilomita 300 a awa ba. Taka da ƙyar take ganin 90, shi ma sai iska na bayanta.

Ban ma yi maka zancen 'yan KASSAROTA da 'yan rodi sefti ba. Ranar da ka shiga Katsina a haka, ba sai sun tare hanya ba, tun daga Batagarawa za su ji ka, su gyara zama. Kada a bugo mani waya, zan ce ban taɓa ganinka ba.

Ga hukuncin ubangida. Watan cika-ciki na tafe, na san kana lissafin kuɗin shararka. Bana ba za su shiga hannunka ba. Zan kai su garejin da kaina, a maida tukunyar salansa, a ɗaura bamba ko da ta wani launi ce. Indomi kam ta riga ta kai Kano, sai haƙuri. Abin da ya yi saura na saya wa Gwaggo auduga ta toshe kunne kafin a gama aikin, lissafin audugar kuma yana kanka.