Wasiƙa Zuwa ga Hukumar CAC Daga Bakin Iyakar Illela

Zuwa ga Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, Maitama, Abuja.

 Daga Illela ake rubuto miki, garin da in mutum ya yi tuntuɓe da ƙarfi sai ya faɗi a Ƙonni. Labari ya iso mana cewa dokarki ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta, ta ce duk mai kasuwanci da sunan da ba nasa na yanka ba ya gabatar da kansa gare ki cikin kwana 28 da buɗe shago. An kuma ce ba kya yarda mutum biyu su riƙe suna ɗaya, ko da ɗaya yana Kalaba ɗaya yana Gwadabawa. To, a nan gizo ke saƙar.

Kin ɗauka mai shago ne ke raɗa wa kasuwancinsa suna. A nan masu saye ne ke raɗawa, kuma ba sa neman shawararsa. Mutum zai biya mai fenti ya rubuta masa Alheri a saman ƙofa da harufa ja da kore, gari kuma ya ci gaba da ce da wurin shagon Dogo ko rumfar Mai Albasa har ya tsufa. Da wannan sunan Ba'adare ke sallama buhun wake bashi, da shi dillali ke tsaya wa baƙo a kara a ɗaure cinikin raƙumi ba ko takarda. Sai ga ɗan kasuwar ya zo shafinki na intanet, ko kuwa yaron da ke shiga masa shafin a kan lada, a rubuta Alheri ki ce an riga shi, a rubuta Nasara ki ce an riga shi, Rahama da Sauƙi kuwa tun tuni. A ƙarshe ya fito da wani dogon suna mai jelar Turanci uku, wanda ko uwargidansa ba ta iya faɗa. Kin yi rajistar suna, gaskiya ne, sai dai ba wanda ake bin sa bashi da shi ba. Abin dariyar ma, dokarki ta yafe wa mai ciniki da sunansa tsura, amma da ya ƙara “da ’Ya’yansa” ya shiga hannunki. Haihuwa ce ta jawo masa.

Na san amsarki, kuma ba ta banza ba ce. Za ki ce shaidar baki iyakarta inda aka san fuskar mutum, banki kuwa ba ya buɗe asusun kasuwanci don limamin unguwa ya ce mutumin kirki ne. Za ki ce ’yan damfara da masu karɓar kuɗin fansa na fakewa da na’urar POS, shi ya sa a 2024 kika ba masu sana’ar wa’adin yin rajista zuwa 7 ga Yuli, kika ƙara musu zuwa 5 ga Satumba. Mutanen gabashin Sakkwato ba sa buƙatar a yi musu bayanin kuɗin fansa. Za ki kuma tuna mana cewa a 2018 kin rage kuɗin rajista daga Naira 10,000 zuwa 5,000, a 2020 gwamnati ta ɗauki nauyin rajistar sunaye 250,000 kyauta. Mun gode. Amma ragin kuɗi maganin tsada ne, ciwon kuwa ba tsada ba ce. Ɗan kasuwar da ke zuba kuɗin lodin tirelar shanu zuwa Legas bai rasa kuɗinki ba. Abin da yake tambaya shi ne, me takardar za ta yi masa wanda sunansa bai riga ya yi ba?

Rabin cinikinsa da sefa ne, takardarki kuwa da ta kai shingen kwastan ta gama aiki, don can Nijar tasu rajistar daban ce, ta tsarin dokokin kasuwanci na OHADA, da Faransanci. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka buɗe. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 kafin Abuja ta janye. A waɗannan watanni mai satifiket da marar shi inuwa ɗaya suka sha, sai dai mai satifiket yana da ƙarin nauyin kai miki rahoton shekara, in ya makara ki ci shi tara, a kan cinikin da bai yi ba.

Saboda haka roƙonmu kaɗan ne. Ki buɗe gurbi a fom ɗinki inda za a rubuta sunan da gari ya san mutum da shi, kusa da wanda kwamfuta ta yarda da shi. Ki fassara fom ɗin da Hausa. Sannan ki aiko ma’aikacinki da tebur da lema ya zauna kusa da sarkin kasuwa, wanda ya san mai gaskiya da maƙaryaci tun kafin a kafa ki a 1990. Sai dai a gaya masa tun daga Abuja cewa kasuwarmu ranar Lahadi take ci, kada ya zo Litinin da safe ya tarar da kashin shanu ya rubuta rahoto cewa Illela ba ’yan kasuwa.

Naki mai biyayya,
Wani mai suna marar rajista, Illela.