Ranar da Golf ta yi tsit

Ƙanena ya sayi tsohuwar Golf 3 ya ce gudunta bai ishe shi ba. Ya kai ta gareji a Jega, aka ciro injinta aka dasa wani ƙato ɗan Beljiyam, aka huda salansa, aka manna hoton zaki a gilashin baya. Lagireto kuwa aka bar mata nata na gado, wai kuɗi sun ƙare. In ya tayar da ita a Dangamaji kaji sai su watse, tsofaffi su kama salati.

Ran nan ya ce in zo ya sauke ni Aliero. Muna hawa kwalta ya take totur, allurar zafi ta haye ja. Na ce, "Kai, dubi allurar nan." Ya ce, "Yaya, rabu da ita, tsoro gare ta."

Ba mu yi nisa ba sai ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, farin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta yi tsit. Bakanike ya iso a kan babur, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya ga ya koma kamar shayi da madara. Ya ce gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, inji ya buga.

Motar albasa ce ta ja mu da igiya. Da muka isa Aliero wani dattijo ya leƙo ya ce su ƙashin mutum suke ɗorawa, karayar ƙarfe sai mu koma Jega. Yanzu haka Golf ɗin tana ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta, zakin yana nan daram.