Gaisuwar Karnuka

Sabon maƙwabcinmu, wani Alhaji da ya yi ritaya a Abuja ya dawo gida Dogon Daji, ya aiko mini yaro ranar Talata, wai in kawo karnukana bayan La'asar su san juna da nasa. Ni dai tun da ya tare ban ga farin haƙorinsa ba. Gaisuwa sai ta gilashin mota, da yatsa ɗaya. Amma ga karnuka an sa musu ranar sada zumunci.

Na kira Ba-Ruwanka da Ƙyale-Su muka tafi. Kun san irin namu: haƙarƙari a waje, kunne a yage tun farautar bara a dajin Kebbe, abinci ƙanzon tuwo in an samu. Nasa kuwa jibgegen karen Jamus ne, irin na 'yan sanda. Har da sharuɗɗa: a haɗu a ƙofar gida, kada nasa ya ji an yi masa kutse, a sassauta igiya, a bar su su shinshini juna. Wace igiya? Nawa ba su san igiya ba sai a wuyan akuya.

Sai Alhaji ya zaro kati. Katin asibitin kare, jama'a, har da hoton fasfo. Kare ya zauna tsaf ya dubi kyamara, harshe a waje. Ga ranar haihuwa, ga sunan uwa, ga na uba, ga na kaka. Ni da furfurata, ranar haihuwata a takarda 1 ga Janairu ce, kamar ta rabin garin nan. Wa ya ce wa karen ya ɗaga haɓa? Sau nawa aka sake ɗauka don ya ƙifta ido? Farin ƙyallen da ke bayansa, wa ya riƙe? In katin ya ɓace, sai ya je kotu ya yi rantsuwa?

"Malam, naka sun yi allurar haukan kare?" in ji shi. Wannan kam tambaya ce ta hankali, don ciwon in ya bayyana a jikin mutum sai dai likkafani. Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Makon jiya aka yi jana'izar wata dattijuwa, gida uku tsakaninsu, bai leƙo ba. Liman bai san muryarsa ba. Haƙƙin maƙwabci da ake karanta mana tun muna makarantar allo, Alhaji ya tattara shi kaf ya ba mai ƙafa huɗu.

Taron dai ya watse ba rufewa da addu'a, don Ƙyale-Su ya sure kwanon baƙo da abincin ciki ya yi bayan gari.

Alhaji, ranar Asabar akwai suna a gidan da ke kallon naka, bayan sallar Asuba. Ka zo a gan ka, ba sai da kati ba.